Baƙon Dauro a Ƙofar Wambai

Ranar Alhamis ce. Na tashi tun kafin ladan ya kira asuba, na hura wuta, na ɗora ruwan koko. Damina ta kusa ɗaukewa, dawa ta fi mutum tsayi a gonakin bayan ganuwa. Ba abin da ya nuna mini cewa ranar daban ce.

Muna haya ne a gidan Goggo Mairo, can wajen Ƙofar Wambai. Bafulatana ce, mijinta ya rasu, tana sayar da nono da man shanun da 'yan'uwanta ke aiko mata daga Inkil. Ta haifi huɗu, ba wanda ya tsaya. Ni 'yar kan dutse ce daga kudancin Bauchi. Mijina, Baban Bulus, mutumin Gabas ne, kafinta, lokacin yana aiki a tashar jirgin ƙasa. A coci muka haɗu, a coci aka ɗaura mana aure, tun Bature bai sauke tutarsa ba. Ya daɗe a Bauchi amma bai taɓa iya ce mini "ki" ba. Kullum "ka zo, ka zauna". Na gaji da gyara na ƙyale shi.

'Ya'yanmu uku: Bulus mai shekara takwas, Markus mai biyar, sai auta Alheri da ba a daɗe da yaye ta ba. Dokar ɗakina ɗaya ce, ba mai shan koko sai an durƙusa an yi addu'a. Ni ba mai sauƙi ba ce, na sani. Yaro ya yi ƙarya, bulala. Ya buɗe ido ana addu'a, ranƙwashi. Iyayena ba su san coci ba, ni kaɗai na shiga, saboda haka na ɗaura ɗamarar cewa nawa 'ya'yan a cikinta za su tashi, ko suna so ko ba sa so.

Safiyar nan Alheri na kwance. Ƙyanda ta fito mata, jiki duk ƙuraje, ido ya manne da kwantsa, numfashi sama-sama. Goggo ta hana a kira ciwon da sunansa. Ta ce baƙo ne, baƙon dauro, a lallaɓa shi ya tafi, kada a yi hayaniya, kada a soya mai. Na ce mata ni mai bi ce, ba ruwana da camfi. Amma dai mai ban soya ba. Saboda ciwon ne ma mazan biyu ba su je makaranta ba, malaminsu ya ce su zauna a gida.

An yi makonni ana raɗe-raɗin za a tasar wa mutanen Gabas. Baban Bulus ya yi dariya, ya ce rabin ƙofofin unguwar nan shi ya kafa su, wa zai taɓa shi? Ya sha kokonsa, ya hau kekensa.

Da hantsi muka fara jin ƙara daga wajen kasuwa. Da fari kamar ana kallon dambe. Sai usur. Sai duwatsu a kan kwanon rufi. Sai ihun mace guda, dogo, ya yanke a tsakiya. 'Yan tallan da ke bi ta ƙofar gida suka daina wucewa. Hayaƙi ya fara tashi nan da can, baƙi, ba irin na girki ba.

Rana ta kusa tsaka na ji abu ya faɗo ta katangar baya. Baban Bulus ne. Ba keke, ba takalmi. An sare shi a ka, hannun dama na lilo. Rigar aikinsa ta jiƙe har wando.

"Ka ɗauki yara!" ya ce. "Suna zuwa!"

In kai su ina? Ni kaina ya tsaya, Goggo ce ta yi tunani. Ta tura mu ɗakinta, ta sa shi ya kwanta bayan tulin ƙoranta, ta rufa masa tabarma. Ta barbaɗa toka a kan jinin da ke tsakar gida. Sannan ta fizge Alheri daga hannuna, ta fita da ita zaure ta zauna.

Ba a kira azahar a masallacin unguwa ba ranar. Lokacinta na yi, sai ga su. Na ji sawunsu, na ji ana jan adda a jikin bango.

"Ina baƙin gidan nan? Fito da baƙi!"

"Baƙo ɗaya gare ni," in ji Goggo, "ga shi nan a cinyata. Baƙon dauro ne. Mai 'ya'ya a gida ya matso ya ɗauka ya kai musu."

Daga baya ta gaya mini ta yaye zanen ne ta ɗaga musu fuskar yarinyar. Wani ya tofar da yawu. Wani ya ce, "Ku ja baya, ƙyanda ce!" Na san muryar. Baban Bulus ne ya yi masa gadon aurensa.

A cikin ɗaki Bulus ya rufe ido ya fara addu'a da ƙarfi, yadda na koya masa, kowace kalma a fili. Na kai masa mari a baki. Leɓensa ya fashe. Ya dube ni, bai yi kuka ba. Tun da na haife shi ban taɓa dukansa saboda yana addu'a ba sai ranar.

Ba su shigo ba. Suka fasa rumfar da ke waje, inda Baban Bulus ke kafinta in ya taso aiki, suka cinna wa katakai wuta, suka wuce. Gidan gaba ma akwai 'yan haya, kuma ba su da mai ƙyanda. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Mun ji komai.

Da la'asar sakaliya Goggo ta ce in muka kwana za su dawo da samarin da ba su da 'ya'yan da za su ji wa tsoro. Ta sa wa Baban Bulus tsohuwar rigar mijinta da malafa. Muka fita ta baya, muka faɗa cikin dawa. Ita a gaba da ƙwarya a ka kamar mai dawowa daga talla, ni a ƙarshe da Alheri, zafin jikinta na ƙona mini gadon baya. Ganyen dawa na yankar fuska. Baban Bulus ya dafa kafaɗar Bulus, yana tafiya yana tsayawa. Bayanmu garin na ta amo, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

A bakin wani rafi muka iske telan cocinmu, wanda ya ɗinka wa yaran kayan Kirsimeti, kwance ruf da ciki, ƙafa ɗaya cikin ruwa. Markus ya tambaye ni me yake yi. Na ce barci. Bulus ya sake dubana da kumburarren bakinsa.

Mun isa rugar ƙanen Goggo, gaba da Inkil kaɗan, shanu na dawowa daga kiwo. Bai yi murna da ganinmu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Suka yi ta magana da Fulatanci, muryarta sama, tasa ƙasa. Ƙarshe ya nuna mana bukka, matarsa ta kawo kindirmo. Wani tsoho ya ɗaure hannun da kara da tsumma. Saran kai kuwa ya duba, ya mayar da malafar, ya tashi.

Washegari labari ya zo: 'yan sanda na bin hanyar Gombe da babbar mota suna kwashe mutanen Gabas da suka ɓuya, za a kai su tashar jirgi a fitar da su daga Arewa. Aka ce wannan ce ta ƙarshe. Muka fito bakin titi muka tsuguna cikin ciyawa. Goggo ta rako mu.

Rana ta ɗaga sosai sannan motar ta zo. Cike take maƙil, mata da yara a kan juna, maza masu rauni kwance a tsakiya, 'yan sanda biyu da bindiga. Aka cilla Markus sama, aka cilla Bulus. Aka ja Baban Bulus, ya zube a ciki bai motsa ba. Na sa ƙafa a kan taya. Zanen goyo ya zame, kan Alheri ya fito.

Wata mata ta ƙwalla ihu da yarensu. Sauran suka ɗauka. Kowace ta rungume nata, suna nuna ni, suna dukan jikin motar. Wasunsu benci ɗaya muke zama ran Lahadi. Ɗaya ma ni na riƙe ta ranar da ta haihu. Yau na san da ni ce a sama da jariri a hannu, abin da zan yi ke nan. A ranar kam na zage su, zagin da ban san na iya ba.

"Mai ƙyanda ba ta shiga!" in ji ɗan sandan. "Ki ajiye ta ko ki sauka!"

Na ce to a sauko mini da mazan, mu zauna duka. Ya ce 'ya'yan mutumin Gabas ba za su kwana biyu a nan da rai ba. Direba ya taka mota, ta yi gurnani. Markus na miƙo hannu yana kiran Mama. Ubansu na kwance, ido a juye. Yaro ɗan shekara takwas ne zai yi jinyar uba, ya riƙe ƙane, har ƙasar da bai taɓa gani ba?

Goggo ta miƙo hannu biyu.

"Kawo ta, uwar Bulus. Baƙo zai tafi. In ƙura ta lafa ki zo ki ɗauki abarki."

Na kwance goyon. Ba ta farka ba. Ni da ba na barin yaro ya je ɗebo ruwa ban ɗora masa hannu ba, na miƙa 'yata ban ce ko amin ba. Aka ja ni sama. Ina hangen Goggo tsaye a bakin titi tana gyara mata zane, har kwana ta raba mu. A raina na ce wata ɗaya ne, in ya yi yawa biyu.

Ƙyandar ta shiga motar duk da haka. Tana jikin Markus. Kafin mu sauka daga jirgi ta fito masa, kuma a can ba wanda ya ce a ajiye shi, don ba inda za a ajiye. Da na ga ƙurajen a bayan kunnensa na yi dariya, irin dariyar da ta sa matan suka matsa daga kusa da ni.

Baban Bulus ya kai garinsu, ya ga uwarsa. Saran ya ruɓe, muka binne shi. Sai yaƙin basasa ya rufe hanya. Na zauna cikin danginsa, ba na jin yarensu, su kuma in na buɗe baki harshen waɗanda suka kashe ɗansu suke ji. Yunwa ta zo. Markus da ya yi ƙyanda ya tashi. Bulus da bai yi ba, ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja. Har ya mutu bai ƙara yin addu'a da murya ba, sai dai ka ga leɓe na motsi.

Da yaƙi ya ƙare na dawo Bauchi da Markus. Ban ajiye kaya ba na wuce Inkil, don an ce Goggo ta koma can da zama. Na iske ta tana kaɗa nono, wata yarinya siririya na riƙe mata ƙwarya, da kitso irin nasu. Goshin ubanta ne sak. Na ce, "Alheri!" Ba ta waiwayo ba. Goggo ta ce, "Shatu," sai ta ɗago.

Goggo ba ta yi mini gardama ba. Ta yi kuka, ta ce amana ce, ga ta nan. Ta ce ta daɗe tana kiranta Alheri, sai da aka yi ta cewa ba wanda ya rage da rai a can, sannan ta sa aka yanka rago aka raɗa mata suna. Me zan ce wa matar da ta zauna gaban masu adda da 'yata a cinya? Na gode mata. Har yau ina gode mata.

Na tafi da yarinyar ɗakin da coci ta ba ni. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin Fulatanci. Ta ƙi tuwona. Da asuba takan shimfiɗa ɗankwalina ta yi salla yadda ta ga ana yi. In na kama hannunta mu yi addu'a sai ta ɓoye shi a baya. Na gwada lallashi, na gwada bulala, na yi azumi, matan coci suka zo suka yi ta waƙa a kanta. Ta gudu Inkil da ƙafa, na je na dawo da ita. Ta sake gudu, na sake dawo da ita. Da na ga ta fara ramewa, idonta ya faɗa, na tuna inda na taɓa ganin irin wannan idon, a fuskar Bulus. Na riƙe hannunta na mayar da ita da kaina.

A can ta girma, a can aka yi mata aure. Na je bikin, na zauna a gefe, aka ba ni fura. Yanzu tana da nata 'ya'yan, takan kawo nono kasuwa. In ta gan ni takan durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta cika mini kwano. Inna take ce wa Goggo har bayan ranta. Ni kuwa "uwar Markus" take ce mini.

Miji yana kwance a garinsu. Ɗa ɗaya yana wani daji da ba zan gane ba ko an kai ni. 'Ya ɗaya tana nan da ranta, nisan da bai kai tafiyar yini ba. Mutane kan ce in gode, ita wannan ai ba ta mutu ba. Ina godewa. A cocinmu, ƙarshen kowace shekara, akan ce kowace uwa ta fito gaba da 'ya'yan da Allah ya ba ta. In aka zo kaina, Markus ne ke tashi ya bi ni.