Moton abokina da aka ɗauke a kasuwar Dungas

Shekarun baya, lokacin ina neman auren uwar 'ya'yana, na yi wani aro da ya hana ni zama wuri ɗaya. Abokina ɗan kabu-kabu ne a garinmu Bande, da motonsa, wato babur, yake ci da iyalinsa. Na roƙe shi ya ba ni na yini guda in je Dungas gaida surukai, don kada a ga mai neman aure ya sauko daga amalanke. Bai yi gardama ba, ya miƙo mini makulli.

Ranar kasuwa ce, cikin damina. Na ajiye moton gindin wata bishiyar bedi, na shiga sayen goro. Ina fitowa na tarar da wurin wayam. Na zagaya bishiyar, na sake zagayawa, har sama na ɗaga kai na duba, kamar moto yana hawa bishiya. Mai shayin da ke kusa ya ce, "Malam, ka bar zagaye, ka tafi wajen jandarmomi."

Da goron a hannuna na isa. Jandarman da na tarar ya ba ni kujera, na kasa zama. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Moton naka ne?"

"Na abokina ne, shef."

"To, sai mai shi ya zo da takardunsa. Ya sani?"

Na fi son a rufe ni da in buga wannan wayar. Haka dai na daure na kira abokin nawa na faɗa masa. Ya ce, "Kai ba su taɓa ka ba?" Na ce a'a. Ya ce, "To gani nan." Ya zo, aka rubuta komai, aka ce mu koma gida, in an ji wani abu za a kira.

Shi ya koma gida, ya shiga noman ƙwadago a gonakin mutane. Ni kuwa ƙafata ta ƙi tsayawa. Duk kasuwar da ke ci ina cikinta, Magariya yau, Danciyawo gobe, ina leƙen motocin mutane. Ko tuwo nake ci, in na ji ƙarar moto sai na fito da loma a hannu. A Danciyawo har na riƙe wa wani dattijo kan motonsa ina ihu. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ya girmi gemunka. Sake mini in tafi." Jandarman nan kuma ya gaji da ganina, da ya hango ni sai ya ce, "Ba labari, malam. Je ka ka ci abinci."

Sai bayan girbi aka kira mu. Wasu makiyaya ne suka shigar da shanu wata gona a bayan kasuwar Dungas, suka ga moto kwance cikin kara. Ashe ɓarawon ya tura shi cikin gero ya ɓoye, bai samu dawowa ba. Ina can ina keta garuruwa, moton yana kwance inda ko kiran mai shayi za a ji. Gara ta cinye kujerar, tsatsa ta kama sarƙa, amma da bakanike ya taɓa shi, ya tashi.

Har yau in na ajiye abin hawa, hankalina yana wajensa, kuma ban ƙara aron abin da wani ke ci da shi ba. Kwanaki muna hira na tambayi abokin nawa me ya sa bai taɓa yi mini faɗa ba. Ya yi dariya ya ce, "Wa ya ce ban yi fushi ba? Sau nawa na taho gidanku in zazzage maka, sai in ga ka fi ni ramewa, in juya."