Ajiyar da Ke Ɗakin Goro

Ɗakin da mahaifina ke ajiye wa fatake goro a gidanmu na Zongo, shi 'yata ta mayar ɗakin kwamfuta. Ta karanci ilimin halittu a jami'a. Ita da abokan karatunta sun yi ta yawon ƙauyuka suna kama sauro, suna tattara bayanan ƙwayoyin halittarsa, don a gane wanda maganin feshi ya daina kashewa. Da aikin ya ƙare kowa ya kama gabansa, aka bar mata rumbun bayanan a cikin na'urar da ke ɗakin. Ita ke gyara kurakurai, ita ke amsa masu tambaya, ita ke sake kunna na'urar duk lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo. Wai duk mai bincike a duniya zai iya shiga ta intanet ya ɗiba kyauta. Ni da na tsufa ina sayar da atamfa a kasuwar Assigamé, kalmar kyauta ba ta taɓa kwanta mini ba.

Sai ga wani mutum daga unguwar Avédji, mai kamfanin gwaje-gwaje, ya fara yi mana sintiri. Gaisuwarsa ta cika tsawo, kuma ya cika yabon shayina, wanda ni ma na san ba shi da daɗi. In ya zauna, idonsa na kan ƙofar ɗakin goro. Na ce a raina, malam, na gane ka.

A gidanmu ajiya ba ta fita sai mai ita ya zo da ƙafarsa, gaban shaidu. Haka na tashi na ga mahaifina na yi. Masu wannan ajiyar kuwa suna da yawa, har da matan ƙauyen da suka buɗe ɗakunansu aka kama musu sauro. Don haka na sa wa ɗakin kwaɗo, na ɗaure makulli a bakin zanena. 'Yata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce abin da ke ciki ba goro ba ne. Na ce ta yi ta dariyarta.

Ranar da mutumin ya sake zuwa, ban yi kwana-kwana ba. Na gaya masa na'urar nan ba za ta bar gidan nan ba.

Ya ajiye kofi. "Hajiya, abin da ke cikinta ai tuni na kwafa, kowa ma zai iya. Mai kula da ita nake nema."

Ashe aiki ya kawo wa 'yata, mai albashi, irin wanda ta shekara da shekaru tana nema. Uwar da za ta hana wannan, ban san ta ba. Ya yi alkawarin za ta riƙa samun lokacin rumbun. Ban yarda ba, amma ban hana ta ba.

Yanzu a Avédji take zaune. Tana zuwa ranar Juma'a a gajiye, ta ci tuwo, ta leƙa ɗakin goro, ta ce tambayoyi sun taru, sai mako mai zuwa. Ta koya mini maɓallin da zan danna in kuran ya dawo, ina dannawa kuwa. Jiya na tambaye ta ko abin da mutane ke ɗiba har yanzu daidai ne.

"Ban sani ba, Mama," ta ce.

Makullin na nan a bakin zanena.