Ba'ana Mai Intanet ɗin Takarda

Shagon Ba'ana yana unguwar Hausari, tsakanin wani tela da mai gyaran fanka. Da kaset ya fara sana'ar, tun zamanin da ake jona na'urar bidiyo biyu, a danna nan a saki can, har a haɗa bikin aure guda. Ya ɗauki wushe-wushen daren biki da walima da sunan jarirai ba iyaka, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa yanke kan uwar amarya daga hoto ba.

Da kwamfuta ta shigo aikin tace bidiyo, yawancin sa'o'insa suka watse, wasu suka koma sayar da katin waya. Shi kuwa ya sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani ɗan Kano, ya ajiye ta a kan tebur, ya yi mako biyu yana kallonta tana kallonsa. A lokacin ya haura shekara arba'in da biyar, Turancinsa kuma na firamare ne.

Florence ce ta buɗe masa hanya. 'Yar Biu ce, tana buga takardu a wani gidan intanet da ke gefen GRA. Ranar da ya je neman wanda zai koya masa, ta ce ba ta san aikin ba, amma ta san inda masu aikin suke taruwa. Ta buɗe masa shafukan da editocin fim da na talabijin na ƙasashe daban-daban ke tambayar juna, da waɗanda ke kawo labarin sabuwar manhaja da irin matsalar da take zuwa da ita. Ba'ana ya zauna yana mamakin yadda mutum zai ba da sirrin sana'arsa ga wanda bai taɓa gani ba.

Daga nan duk ranar Talata da hantsi yana can. Florence ta karanta, ta fassara masa da Hausa, shi kuma ya ce a buga masa a takarda. Bai yarda da abin da ba zai iya riƙewa a hannu ba. A gefen kowane shafi yakan rubuta bayaninsa da jan biro, wani da Hausa, wani da Kanuri, ya sa lamba a sama. Cikin shekara uku takardun suka cika fayil shida, suka kuma malala zuwa gida, inda matarsa Kaltum ke haɗa turaren wuta tana sayarwa. Ta sha gaya masa cewa ɗakin nan ba ofishin gwamna ba ne.

Sauran editocin gari kuwa dariya suke masa. Wanda ya fi kowa shi ne Pindar, editan labarai a wata ƙaramar tashar talabijin, mai yawo da modem na shiga intanet a aljihun riga. Duk sanda ya biyo ta Hausari sai ya leƙa ya tambaya ko intanet ɗin takarda yana da sabis yau. Ba'ana yakan ce yana da shi, har ma ba ya cin kati.

Sai ga shekarar 2013. Saboda rikici, gari ya riga ya saba da shingayen bincike da dokar hana fita, babura ma an daɗe da hana su, kowa yana keke mai ƙafa uku ko yana ƙafa. A watan Mayu aka katse layukan waya gaba ɗaya. Modem ɗin Pindar ya zama abin wasan yara. Mai gidan intanet ɗin Florence ya rufe ya tafi da iyalinsa Kano. Amma biki bai tsaya ba, sai dai an mai da shi na rana, labarai ma ba su tsaya ba.

Wata Laraba da misalin ƙarfe goma Pindar ya sauka daga keke a ƙofar shagon, da kwamfutarsa a hammata, babu zolaya a bakinsa. Ya ce wata mata ce ta ɗauko musu hira da waya daga cikin mutanen da suka baro ƙauyukansu, za a sa a labaran yamma, amma da ya ɗora a manhaja sai murya ta riƙa tsere wa hoto. A farko daidai suke, kafin minti uku bakin mutum yana motsi maganarsa ta riga ta wuce. Ya gwada duk abin da ya sani.

Ba'ana bai rama zolayar sabis ba, ko da yake daga baya ya ce maganar ta zo masa har bakin leɓe. Ya jawo fayil na huɗu, ya lashi yatsa, ya fara juyawa. Ya tuna matsalar sarai, har ya tuna wani edita ne mai hoton kyanwa a shafinsa ya amsa ta. Shafi na tamanin da ɗaya yana nan, da tambayar. Na tamanin da uku yana nan, da godiyar mai tambaya. Na tamanin da biyu, mai ɗauke da amsar, babu shi.

Suka rufe shago suka nufi gida. Kaltum tana tsakar gida tana juya turare a kasko. Da ta ji abin da ake nema sai ta ce akwai wasu takardu da ta tarar a kan tabarma makon jiya, ta ɗauka ya gama da su.

Ba'ana ya ce, "Kaltum, me kika yi da su?"

"Na ƙunshe wa Hajja Ruƙayyatu turare. Kwalabe sun ƙare mini."

Hajja Ruƙayyatu tana unguwar Ajilari, kuma babu wayar da za a kira a tambaya ko takardar tana nan. Haka su ukun suka shiga keke ɗaya, domin Kaltum kaɗai ta san gidan. A shinge biyu aka sauke su. A na biyun sojan ya sa Pindar ya kunna kwamfutar, ya tambayi inda za su. Kaltum ta riga Pindar, ta ce za su karɓo takardar ƙunshin turare ne. Sojan ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hannu ya ce su wuce.

Hajja ta karɓe su da ruwa da doguwar gaisuwa, ta tambayi yara da jikoki da mutanen Hausari, Pindar yana ta duban agogo. Da aka zo kan magana ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi uku. Na farko shafin gyaran launi ne, na biyu labarin wata sabuwar kyamara. Na ukun ne tamanin da biyu, ya jiƙe da man turare har ana ganin yatsa ta bayansa. Rubutun Turancin ya dushe, amma jan biron Ba'ana yana nan daram: waya ba ta ɗaukar hoto da gudu ɗaya, a fara juya bidiyon zuwa tsayayyen gudu kafin a ɗora shi. A ƙasa har da sunan ƙaramar manhajar da ke yin hakan, wadda Florence ta taɓa sauke masa a 'yar ma'ajiyar filas.

Hajja ta ce su bar mata turarenta a faranti su tafi da takardarsu. Kafin la'asar an gyara hirar a shagon Ba'ana, da janareton tela. Ta fita a labaran yamma, baki da murya a tare. Pindar ya ce kwana uku jakarsa tana ƙamshin amare, har abokan aikinsa suna tambayarsa ko ya ƙara aure ne.

Labari ya bazu a tsakanin masu sana'ar. A watannin da aka yi babu sabis, shagon ya zama wurin zuwa. Masu ɗaukar biki, da editocin tashoshi, da wata mata mai haɗa tallan makarantu, duk suna zuwa da matsalarsu a duba fayil. Ba'ana ya kafa doka ɗaya, cewa ba a fita da shafi, sai dai a kwafa a nan. Florence, da ba ta da aiki a lokacin, ta dawo tana zama a shagon ranar Talata tana fassara shafukan da ba su kai gare su ba. Wanda ya yi tafiya Bauchi ko Kano kuma, ana ba shi jerin tambayoyi ya nemo amsa ya bugo.

Da sabis ya dawo taron bai watse ba. Daga baya suka buɗe zaure a waya, suna tura wa juna labarin manhaja da darussan bidiyo, Pindar ne shugaba, Ba'ana kuma mai aika saƙon murya na minti bakwai.

Bayan shekaru, lokacin da aka lalata turakun wuta gari ya yi watanni a duhu, Florence ta ga wata tambaya a ɗaya daga cikin tsofaffin shafukan. Wani edita ne daga wata ƙasa mai nisa yake kuka cewa wuta tana ɗauke masa a tsakiyar fitar da aiki, komai ya lalace. Waɗanda suka amsa duk sun ce ya sayi babban batir. Ba'ana ya ce a rubuta masa cewa ya yanka aikin gunduwa-gunduwa, minti biyar-biyar, ya fitar da kowanne daban, ya haɗa su a ƙarshe, in wuta ta tafi guntu ɗaya kawai ya rasa. Florence ta rubuta da sunansa. Wannan ne karo na farko da ya sa baki a shafin bayan shekara fiye da goma yana karantawa.

Washegari mutumin ya amsa cewa ya gwada kuma ta yi, ya tambayi a wace makarantar fim Ba'ana ya yi karatu. Ba'ana ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce Florence ta rubuta masa Hausari, kusa da mai gyaran fanka.