Babban Yatsan Rahab

Duk wanda ya taɓa kai takarda ofishin ƙungiyar manoman auduga a Funtua ya san Rahab 'yar Tsiga, mai tafireta. Gajera ce, ba ta da yawan magana, amma in ta zauna bugu sai ka ce ruwa ake yi a kan kwano. A makarantar mishan ta Malumfashi ta koyi aikin, a hannun wata malama mai saurin ɗaga rula, wadda ta kafa mata doka guda: kafin ki fara sabon sakin layi, ki buga tazara sau biyar. Ta sha rula har babban yatsanta na dama ya haddace, yana yi ba tare da ya shawarce ta ba. Tun 1971 take kan wannan kujera. Da mijinta Bitrus ya rasu, aikin ne ya riƙe ta, shi da ɗaki biyu na kwatas ɗin ma'aikatan ƙungiyar inda take da 'ya'ya huɗu.

A 1988 aka kawo kwamfuta. Wanda ya kawo ta daga Kaduna ya yi kwana biyu yana koya mata, ya tafi abinsa. Ita wannan na'ura ba a jera mata rubutu da ido. Umarni ake rubuta mata a layinsa daban, a fara da ɗigo, sai gajerun haruffa, ita kuma ta jera da kanta in an zo bugawa.

Aikin farko ɗan littafi ne na feshin maganin auduga, mataki goma sha biyu. Malam Shitu, manajan ofishin, ya ce lambar kowane mataki ta tsaya ita kaɗai a gefen hagu, sauran layukan su matsa ciki, don manomin da bai yi nisa a karatu ba ya bi da yatsa. Magana ce mai sauƙi, da tafireta ce da ta gama kafin azahar. Amma duk lokacin da ta buga, sai na'urar ta fito da umarnin kansa tsirara a kan takarda, lambobin kuma su nutse cikin rubutu. Mataki na uku ya manne da "murfi biyu", har mutum ba zai san ko murfi uku zai zuba a tankin feshi ba ko biyu.

"Malama Rahab, wannan ai ƙona gonakin mutane za mu yi," in ji Malam Shitu. "Motar maɗaba'a za ta tafi Zariya ranar Alhamis da hantsi. In abin ya fi ƙarfinki, akwai wadda ta iya a Kaduna. Kujerar dai ɗaya ce."

"Zan gyara, ranka ya daɗe," ta ce. Ta san in kujera ta tafi, ɗaki ya tafi.

Wayyo Rahab. Litinin ta kwafi umarnin daga littafin na'urar harafi bayan harafi, bai yi ba. Talata ta sauya adadin tazarar da ke cikin umarnin, ta kashe na'urar ta kunna, ta goge komai ta sake daga farko. Ta ɗora hannu a kan na'urar ta yi addu'a, a ɓoye kuma ta zage ta. Kwandon shara ya cika da takarda. Laraba ta shiga bayan ofis ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka binne Bitrus. Shekara goma sha bakwai ba a taɓa dawo mata da takarda ba, yau ga akwatin ƙarfe yana mai da ita sakarya a gaban masinjoji.

Alhamis da safe tana yanka kuɓewa, hankalinta yana ofis, wuƙa ta zame ta tsaga mata babban yatsan dama. Ta naɗe shi da tsumma, ta tafi aiki tana cewa yau kam ta ƙare. Yatsa ba ya taɓuwa, dole ta riƙa neman maɓallin tazara da manuniya, sai inda ta ga ana bukata. Ta sake buga mataki na ɗaya, ta tura a fitar da shi a takarda. Takarda ta fito, lamba a gefe ita kaɗai, layuka a ciki sambal.

Ta daɗe tana kallo kafin ta koma kan aikin jiya. Kafin kowane ɗigo akwai fili, tazara biyar cif. Na'urar ba ta ɗaukar ɗigo a matsayin umarni sai yana bakin layi, in an matsar da shi ko kaɗan, rubutu ne kawai a wurinta. Kwana uku tana neman laifin a cikin akwati, ashe a hannunta yake.

Direban motar maɗaba'a yana danna oda ta miƙa wa Malam Shitu mataki goma sha biyu. Ya bi lambobin da yatsa har ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Me ya samu hannun?"

"Wuƙa ce, ranka ya daɗe."

"Allah ya sawwaƙe. Allah ya ba shi lafiya da wuri, wannan yatsa ai shi ne ofishin nan."

Ba ta iya cewa amin ba. Ta koma kujerarta, ta ƙara ɗaure tsumman da kyau.