Kalangun da na ɓoye a cikin faifai

Da na ajiye aikin koyarwa na koma gida Karaye, abin da na fita da shi, ban da mutunci, wata tsohuwar kwamfuta ce da aka yi niyyar zubarwa. Ba ta jin waƙar kaset, ba ta san muryar ɗan Adam ba. Muryoyi uku kacal Allah ya hore mata, sirara kamar sarewar kara, kuma sai ka zauna ka rubuta mata kiɗa bugu bayan bugu kafin ta yarda ta rera. Na ƙware a wannan aiki, ba yabon kai ba.

Ina da taubashi a Rogo, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda hassada ta sa ya nemo irin tawa. Rubuta kiɗa kuwa ya gagare shi, sai dai in rubuta in sa a faifai, direban motar kasuwa ya kai masa.

Wata rana ya zo da kansa da tsohon kaset na taken mahaifinsa, wanda ake kaɗa masa da gangar noma, wai in rubuta masa shi a faifai. Surukansa na Ruwan Bago za su zo gaisuwa, yana so su ji cewa gidan manoman ƙwarai suka ba wa 'ya.

Ya ce, "Ka gyara shi da kyau, kada ka kunyata ni."

Na ce, "Ɗan mace, yaushe ubangidanka ya taɓa kunyata ka?"

Kwana huɗu ina saurare ina rubutawa. Taken ya ci muryoyi biyu, ta uku tana zaune ba aiki. Shaiɗan ya raɗa mini, ni ma ban yi masa gardama ba. Na cika ta da kiɗan kalangun da mahauta ke yi don sanar da gari an yanka nama, na sa ya shigo bayan taken ya yi nisa, domin na san taubashina farko kawai yake saurara.

Ranar, da hantsi, ya jona lasifika a ƙofar zaure, baƙi na zaune a kan tabarmi. Direban ne ya ba ni labari. Ya ce tun kafin kiɗan ya ƙare tsofaffin unguwa suka fara isowa da kwanuka, wata tana cewa a ba ta hanta, wani yana tambayar ko sa ne ko raƙumi. Babban surukin ya dubi taubashina ya ce, "Alhaji, ashe har fawa ake taɓawa a gidan?"

Taubashin nawa bai yi gezau ba. Ya ce yanka ne na girmama baƙi, makwabta ma kowa da rabonsa. Nan take aka kayar da ragon da yake turke wa Sallah.

Washegari direba ya kawo mini nawa rabon a ƙunshe cikin takarda: wutsiya ce da kofato ɗaya. Na sa aka yi mini romo.