Sassarfar Kamis

A wurinmu Shuwa na fadamar Logon, namijin da bai iya zama a kan doki ba abin dariya ne, kuma Kamis, ɗan ƙanwar babana, ya sha dariya har ya ƙoshi. Ni ban taɓa yi masa ba, don na san tushen abin. Yana ƙarami aka shigo da gawar wansa ƙauye. Ƙafar wan ce ta maƙale a likkafa, doki ya yi ta jan sa a ƙasa. Tun daga ranar, Kamis in ya hau sai ya matse dokin da gwiwoyi, ya sandare. Da an fara sassarfa ka ga mutum yana tsalle a kan sirdi kamar buhun dawar masakwa a bayan amalanke, haƙoransa na haɗuwa, bayan dabbar na ɗayewa.

Ya girma, ya yi aure, ya haifi 'yarsa Hawaye, yana bin shanu da ƙafa. Kawunsa Hamdan, tsoho mai baƙin baki, shi ne ya ce wannan abin kunya ba zai bi shi kabari ba. Ya cire likkafun goɗiyarsa, ya ɗaura mata doguwar igiya ya riƙe, ya ɗora Kamis, sannan ya miƙa masa ƙwarya cike da madara. Haka kakanninmu suke koya wa yara, sai dai Kamis da gemunsa aka yi masa, mata na leƙe.

"Saki ƙugunka, ɗan nan," in ji tsohon. "Kai kake tafiyar ko ita? Tsoro ne ke ɗaga ka, ba goɗiya ba. Zauna mata da nauyinka, ka bar ƙafafun su rataya."

Kullum da hantsi goɗiya na zagaye, madara na wanke masa riga, ƙudaje na raka shi gida. Matarsa ta yi ta mita a kan asarar madara. Sannu a hankali ƙugun ya fara bin bayan goɗiyar, yana dawowa da rabin ƙwarya, wata rana har da fiye. Amma tsoron bai rage ba ko kaɗan.

Ana haka ruwa ya janye daga fadama. Lokaci ne mafi muni a wurinmu, domin kwalekwale ba ya tafiya, babur ba ya shiga, ƙasa duk ramukan kofaton shanu ce da suka bushe. Da rana tsaka kububuwa ta sari Hawaye a ƙafa, a bayan rumbu. Kafin a ɗaura sirdi ƙafar ta kumbura, jini ya fara tsattsafowa daga dasashinta. Samari duk suna can wurin shanu, Kawu Hamdan kuwa bayansa ya daɗe da hana shi hawa. Asibiti yana can bakin kogi. In aka yi tafiyar ƙasaita yarinya ba za ta kai ba, in aka yi sukuwa goɗiya ta karye a rami. Sai sassarfa. Kuma kowa a nan ya yarda cewa jijjiga ce ke kai dafi zuciya.

Tsohon ya ɗaga yarinyar ya sa a hannun uban, ya ce, "Ga ƙwaryarka. Kada ka zubar."

Abin da ya faru a hanya Kamis da bakinsa ya gaya mini. Da farko tana kuka, yana jin daɗin kukan, don alama ce tana da rai. Can tsakiyar fadama sai kukan ya yanke, kanta ya langaɓe a ƙirjinsa, hannunta ya saki rigarsa. Ya ce ya ji gwiwoyinsa sun fara matsewa da kansu, ya san in ya bar su zai fara tsalle da ita. Bai duba fuskarta ba, don ya san in ya duba zai sandare. Haka ya saki jikinsa, yana hawaye, yana bin bayan goɗiya, bai san ko 'ya yake ɗauke da ita ko gawa ba.

A ƙofar asibiti ya kasa sauka, ya kuma kasa miƙa ta. Da goɗiyar ta tsaya cak, sai yarinyar ta motsa, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Abba, don me ka tsaya?" Gajiyar kuka ce da lilon tafiya suka sa ta barci.

Hawaye ta rasa yatsun ƙafa biyu, yanzu har ta yi 'ya'ya. Kamis ya tsufa, kuma a duk fadamar nan babu mai zamansa a sassarfa, ana kawo masa yara da ƙoransu daga wasu ƙauyuka. Har yau kafin ya hau sai ya tsaya ya goge gumin tafin hannunsa a riga.