Abin da Baba Mai Faifai Ya Rubuta a Bayan Katina

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ɗakinsa. Ɗakin ne na ƙarshe a barandar sashen kunne na asibiti, bayan inda ake jibge karyayyun kujeru, don haka wanda ba shi da dalili ba ya isa wurin. Zai rataye jakarsa a ƙusa, ya goge tebur, ya jera ƙananan batura a tire, ya wanke robobin kunne ɗaya bayan ɗaya ya shanya su a kan farin tawul. Sannan ya ɗaga murfin tsohon garmahonsa ya ɗora faifai. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Aikinsa shi ne daidaita na'urar da ake saka wa masu raunin ji. Ba likita ba ne, idan ma ka kira shi likita sai ya gyara maka. Ma'aikata suna ce masa Baba Mai Faifai, rabi girmamawa rabi tsokana, domin kiɗan Amurkawa da ake kira jaz yake saurare, kuma duk asibitin babu mai taya shi. Babbar nas ta taɓa leƙowa ina zaune ta ce, "Baba, mutanen nan naka har yau ba su shirya ba? Kowa sai busa nasa yake yi." Ya ce mata ai shirin ke nan.

Jina ya fara raguwa ina shekarar ƙarshe a jami'a, bayan wani zazzaɓi mai zafi. Da ma ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa aka daɗe ba a lura ba. Idan an yi dariya sai in yi murmushi, idan an dube ni sai in gyaɗa kai. A gida kuwa, da zarar an taru a falo sai in sulale ɗaki in rufo ƙofa. Da aka saka mini na'ura na ɗauka an gama. Ashe ƙarar cokali da fanka da talabijin da muryar Umma duk da ƙarfi ɗaya za su riƙa shigowa kaina. Sati uku na daure. Daga nan na mayar da ita akwatinta na kai wa Baba, na ce na gode, shirun ya fi mini. Na riga na yanke cewa ni da zama cikin mutane mun rabu ke nan.

Bai lallashe ni ba. Cewa ya yi in mayar da ita kunnena sau ɗaya kafin in tafi. Ya zaɓo wani faifai na mutum biyu kacal, mai fiyano da mai kaɗa wani ƙaton goge da yatsa, wanda ya ce bas ake kiransa.

"'Yata, rabu da mai fiyanon nan, surutu gare shi," in ji shi. "Akwai wani a ƙasa yana takawa a hankali kamar mai hawa bene. Shi za ki bi."

Na bi shi. Ya ɓace mini, na lalubo shi, ya sake ɓacewa. Minti huɗu aka yi. Tun da na yi zazzaɓin nan, ranar ce ta farko da ni na zaɓi abin da zan ji.

Ya juya katin asibitina ya rubuta sunan makaɗin da sunan faifan a baya. Guda ɗaya tak. Na roƙi ya ƙara, ya ce in dawo bayan sati biyu. Na je na bincika a waya, sai ga jerin sunaye ɗari-ɗari, kowane marubuci na rantsuwa nasa ne ya kamata a fara da shi. Kaina ya ɗaure, na rufe. Baba ba ya jera faifai da shahara ko da shekara. Da yawan makaɗa yake jerawa. Daga mutum biyu ya kai ni uku, daga uku zuwa huɗu, kuma kowane zuwa sai ya faɗa mini wanda zan bi: wannan karon mai ganga da ke shafa fatar kamar yana shara, wani karon mai busa saksafon da ba ya shigowa sai ka fid da rai. Ya ce bai karanta wannan a littafi ba. Ya dai lura a kiɗan nan kowa da maganarsa, suna ba juna wuri, suna katse juna, kamar 'yan gida ɗaya.

Ba ni kaɗai ba ce. Wani tsohon direba da muke haɗuwa a layi ya nuna mini nasa katin, bayansa ya cika har Baba ya liƙa masa takarda. Ya ce shi bai ma son kiɗan, amma yanzu yana jin jikarsa ko da mota na tafiya. Matar da ke share barandar ta gaya mini tun da matar Baba ta rasu, a ɗakin nan yake cin abincin rana shi kaɗai, faifai na juyawa. 'Ya'yansa sun yi nisa. Wata goma ina zuwa, bai taɓa ambata mini wannan ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Mukan zauna ne kawai, shi a kujerarsa ni a tawa, har allura ta kai ƙarshe.

Faifai na ƙarshe da ya rubuta mini na mutum goma sha bakwai ne. Na kwana biyu ina fama da shi kafin na iya riƙe mutum ɗaya daga farko har ƙarshe.

A satin ne yayana ya zo da iyalinsa. Falo ya cika, yara na tsalle, ƙannena na musu, talabijin a kunne. Na samu gefen kujera na zauna. Na bar yaran, na bar masu musun, na nemi muryar Umma a ƙasa. Sai na ji ta tana ce wa matar yayana a hankali, "Kada ki kalle ta. In kika kalle ta tashi za ta yi."

Na ce, "Ina jin ki, Umma. Ba zan tashi ba."

Umma ta daɗe tana gyara ɗankwalinta.

Baba, kai ne ka ƙi karɓar akwatin nan ranar da na miƙa maka. Kai ne mai haƙurin da bai taɓa duban agogo ina zaune ba. Na san ka fara zuba faya-fayanka a kwali, na kuma ji an ce wanda zai gaje ka da kwamfuta zai yi aiki, ɗakin ba zai ɗauki garmaho ba. Na zo sau biyu da niyyar yi maka godiya, bakina ya ƙi buɗewa, shi ya sa na rubuta.

Ku da aikinku ya haɗa ku da mutane, kada ku miƙa wa mutum abu ku ce kun gama. Ku zauna da shi har ya iya amfani da shi. Ku kuma da kuka taɓa shiga ɗakin nan, saura kwana tara. Ku je ku zauna da shi ko na tsawon faifai ɗaya ne, ba sai kun yi magana ba. Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya ba ka abokan zama kamar yadda ka mayar da ni cikin nawa.